Ɗigo Huɗu Kafin a Kunna Wuta

Dogarawa, Sabon Gari,
Zariya.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan ta same ki lafiya ƙalau kamar yadda kika bar mu. Allah ya sa kin sauka lafiya. Ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana da ɗakin da za ki yi aiki, ya kiyaye yatsunki goma daga wuta da ƙarfe. Ubanki tara da rabi suka rage masa, don haka addu'ar nan daga bakin wanda ya san abin take fitowa.

Za ki yi mamakin tsintar wasiƙa a ƙasan jakarki, tsakanin garin kunu da man shafawa, alhali daga Dogarawa zuwa Samaru ko gyangyaɗi mutum ba ya gamawa a mota. Dalilin shi ne bakina. Shekara hamsin da shida muna tare da shi, ban taɓa aikensa da magana mai nauyi ya kai ta yadda na ba shi ba. A hanya sai ya mai da ita wasa. Biro kuwa bai ƙware a barkwanci ba, shi ya sa na ɗauke shi aiki yau. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. In kin ga harafi ya kwanta, ba gajiya ya yi ba, haka malaminmu ya bar mu da shi.

Kin gaya wa mamanki cewa zirga-zirga tsakanin gida da jami'a na cinye miki lokaci, don haka za ki zauna a ɗakin ƙawarki mako shida, ke da abokan karatunki uku ku haɗa injin da za ku shiga gasa da shi. Wanda rediyo ke kira mutum-mutumi, a sarrafa shi daga nesa, ya tashi daga kan layi ya ɗebi ƙwallaye ya zuba a kwando. Ban hana ba, na ma yi murna. Amma mamanki ta gaya mini abin da kika faɗa mata kuna tsince shinkafa. Wai na bara bai motsa daga kan layi ba, in na bana ma ya ƙi tashi to kin gama da karatun injiniya, za ki tattara ki koma shagon ɗinkin gwaggonki a Kaduna. Shekara uku kin ci a cikin biyar. Na san ki, ba kya faɗin abin da ba za ki yi ba. Tun ranar da na ji tuwo bai sake yi mini daɗi ba, ko da yake ban fasa ci ba.

Ranar Laraba mamanki ta aike ni ɗakinki ɗauko bokiti, sai na ga takardar da kika manna a bayan ƙofa, wadda kika raba makonnin shida a kai. Turancin bai fi ƙarfina ba, zane ya fi yawa. Mako na ɗaya, hannun da zai ɗebi ƙwallo. Na biyu, hannu. Na uku da na huɗu, hannu. Tayoyi sai a na biyar. Gwaji kuma kin matse shi can ƙasa, kwana uku, da ƙananan haruffa kamar ɗan'uwan da ake jin kunyar nunawa. Na daɗe a tsaye riƙe da bokiti. Rifkatu, rubutun naki ne amma tsarin nawa ne. Ban tara miki gona ba, ban gina miki bene ba, ashe gadon da na tanadar miki ke nan. To tunda nawa ne, bari in gaya miki abin da ya saya mini.

Lokacin da na bar wurin Oga Inosan, maigidana da ya koya mini walda a Unguwar Gabas, na buɗe tawa rumfar, aikin farko mai suna da na samu shi ne ƙyauren cocinmu. Dattawa suka ce suna son sa kafin Lahadin godiyar kaka. Shi Oga yana da doka guda da ya shekara bakwai yana cusa mini a kunne da Hausarsa ta 'yan kasuwa. Ka yanka ƙarfe huɗu ka jera a ƙasa. Ka sa ɗigon walda ɗaya a kowace kusurwa, ɗigo kawai, wanda bugun guduma ɗaya zai ɓalle. Sai ka ja igiyar awo daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo daidai, sannan ka kunna wuta da gaske. Dalilinsa kuwa, ƙarfe yana ja in ya ji zafi. In ka cika kusurwa ɗaya da walda tun sauran suna sake, za ta janye 'yan'uwanta ba ka sani ba.

Ni kuwa sabon oga, ga allo da sunana a kai, na ga ɗige-ɗige aikin 'yan koyo ne. Na kama kusurwar farko na zuba mata walda irin wadda ban taɓa yi ba, layi sumul kamar sabon kitso. Na goge, na sake gogewa. Yini biyu a kusurwa ɗaya. Har maƙwabcina mai faci na kira ya zo ya gani, ya shafa ya ce lallai Ishaya hannunka ya wuce Sabon Gari. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Da na zo ta huɗu sai na tarar ƙarfen biyu sun juya wa juna baya, tsakaninsu yatsa uku, kamar mata da miji da suka kwana da faɗa.

Abin da ya kamata shi ne in yanke in sake. Amma in yanke wacce? Kusurwar da mai faci ya yaba? Sai na sa guntun ƙarfe na cike gurbin, na danne da guduma, na kai coci aka kafa. Ranar godiyar, Fasto na tsakiyar wa'azi, ƙyauren ya buɗe da kansa a hankali yana kuka, awakin da aka kawo baiko suka leƙo. Marigayi Dattijo Yohanna, wanda ke zama a bakin ƙofa, ya tashi ya rufe, ya zauna, ƙyauren ya sake buɗewa. Sau huɗu. A na biyar ya ja kujerarsa ya jingina da shi, bai tashi ba har aka yi addu'ar rufewa. Da aka fito bai zage ni ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kusurwar saman nan ta yi kyau ƙwarai." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Shekara tara ana tokare ƙyauren da dutse, kuma 'yan makarantar Lahadi da sunana suke kiran dutsen.

Hannun injinki shi ne kusurwata ta farko. Na san abin da ya sa kike son sa, shi ne mai wuya, shi mutane za su kalla. Amma ki ɗiga duka tukuna. Kafin mako na biyu ya fita, ina so a ce akwai wani mummunan abu a ƙasan ɗakin aikinku: tayoyi huɗu, guntun katako, batir ɗaure da roba, hannu ko na ludayi ne, wanda in an ce tafi zai tafi, in an ce tsaya zai tsaya. Duk wanda ya leƙo ya yi dariya, ba komai. Daga ranar kin san nauyin da tayoyin ke iya ɗauka, kin san inda hannun gaske zai zauna. Kada sai a mako na biyar ki gano cewa kyakkyawan hannunki ya rinjayi gaban injin yana kifar da shi, ga shi kuma ba ki da zuciyar yanke shi.

Na biyu, fenti. Kina goye lokacin, ba za ki tuna ba. Zumuntar mata ta wani coci a ƙauyen Jama'a suka sa in ƙera musu injin ɓare gyaɗa. Wannan karon na auna, na ɗiga, komai ya zauna. Na kunna shi babu gyaɗa a ciki, ya juya lafiya, sai dai wata 'yar ƙara can ciki, ƙit, ƙit, kamar ɓera na cin ƙwarya. Na ce gobe zan duba. Da la'asar wani ya kawo mini ragowar koren fenti mai kyau, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na shafe injin tas, na ja jan layi a gefe, na rubuta sunana da fari. Washegari ƙarar na nan. Amma buɗe shi na nufin kwance noti goma sha biyu, kowanne zai kankare fenti. Sai na lallashi kaina cewa sabon inji dama yakan yi tari kafin ya saba.

Mamanki ta ce in zuba ko mudu ɗaya in gani. Na ce gyaɗa za ta ɓata mini fenti. Ta dube ni irin duban da take yi wa nama a kasuwa in ba ta yarda da shi ba, ta ci gaba da aikinta.

Ranar miƙawa matan suka zo da anko, da tulunan kiɗansu, suna waƙa. Aka yi addu'a, aka juye rabin buhu. Minti biyu ya yi aiki. Sannan mai ƙit ƙit ɗin, wani noti da ban ɗaure sosai ba, ya fice, faifan ciki ya sauko ya matse, gyaɗa da ɓawo suka fito a niƙe tare, ba ta ƙuli ba ta miya. Gyaɗar iri ce, Rifkatu. Ta wata gwauruwa ce a cikinsu, ta ajiye don shuka, ta kawo don tata ta zama ta farko. Ta durƙusa tana tsince 'yan ƙwayoyin da suka tsira tana ƙullewa a bakin zanenta. Na nemo mata wani irin daga baya, amma kafin in samu damina ta yi nisa. Wannan labarin ban taɓa iya mai da shi abin dariya ba, kuma Allah ya sani na gwada.

Don haka kada ku gwada injinku a ɗage kan tebur, tayoyi na juyawa a iska. A iska kowa gwani ne. Ku sauke shi ƙasa, ku sa masa ƙwallayen gaske, a kan irin daɓen da za a yi gasar, da batirin da ya riga ya sha aiki. Ku tsai da rana guda kowane mako, ko an shirya ko ba a shirya ba, a sa shi a layi a busa usur. Ku tambayi kanku me ya iya yau wanda bai iya ba wancan makon. In amsar babu ce, to gumi kawai kuka yi, komai yawan abin da kuka ɗaura masa. Kuma duk inda kika ji zuciyarki na cewa kar a taɓa nan, an riga an gama, to nan za ki fara sa sufana. Ado, da suna, da fitilu masu launi, su jira. Ba su taɓa gudu ba.

Makon ƙarshe kuma ki sa hannu a aljihu. Wannan ba ni da labari guda a kansa, don na yi shi sau da yawa har sun cakuɗe mini. Aiki ya gamu, gobe za a zo ɗauka, sai wata dabara ta faɗo mini ina wanka, in fito in kwance abin da ke aiki. Dabarar da ta zo a makon ƙarshe ki rubuta ta a takarda ki ce mata sai baɗi. Makon ƙarshen nan na Chinedu ne, abokin karatunki da mamanki ta ce shi zai riƙe abin tuƙi. Ki sakar masa injin ya saba da halinsa, don direban da ya fara ganin mota ranar tafiya, fasinjansa sai addu'a. In wani a cikinku yana da nawa wajen aiki, kada ki fizge aikin daga hannunsa. Ranar da kika zama ke kaɗai kika san inda kowace waya ta nufa, ranar zazzaɓi zai tuna da ke. Ki kuma ci abinci. Na ga yadda kika dawo bara, wuya kamar mariƙin lema. Gari da suga ba abinci ba ne, ko me 'yan Samaru suka ce.

Yanzu ga wanda ya fi sa ni ɗaukar biro. Kin sha jin ina cewa ni ta taga na gama makaranta, mutane su yi ta dariya. Ga yadda aka yi. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon sana'a aka ba mu aikin gwaji, kowa ya ƙera akwatin ƙarfe mai murfi cikin mako huɗu. Ba sai na gaya miki inda na kashe mako uku ba. A kan mariƙin, na lanƙwasa shi na yi masa ado har abokai na zuwa kallo. Ranar duba aiki malaminmu, Malam Audu, ya bi layi yana buɗe kowane akwati yana rufewa. Ya zo nawa, murfi ya ƙi zama. Ya danna, murfin ya tashi. Ya sake dannawa, ya sake tashi. 'Yan aji suka fashe da dariya. Ranar Juma'a ce. Na fita ta ƙofa kamar kowa, babu wata taga. Na taka da ƙafa har gida, kafin in iso na riga na yanke cewa ni da makaranta har abada. Kakanki bai ja ba, dama hannu yake nema a gona.

Malam Audu ya zo gidanmu a keke sau biyu. Na farko na sa aka ce ba na nan. Na biyu ina laɓe a bayan rumbu ina jin sa yana gaya wa kakarki cewa wancan gwaji ne kawai, babbar jarrabawa sai bayan wata uku, yaron yana da hannu, ya zo ran Litinin a gyara murfin, aikin awa ɗaya ne. Da kunnena na ji. Amma na riga na gaya wa kowa na bar makaranta, na riga na ƙirƙiro labarin taga ana dariya, komawa ta zama mini kamar lashe amai a gaban jama'a. Ina ji ya kaɗa ƙararrawar kekensa ya tafi.

Ban mutu da yunwa ba, walda ta ciyar da ku. Amma duk ranar da wani injiniya ya miƙo mini zane, in juya shi sama in juya shi ƙasa in ce tabarau na manta, Litinin ɗin nan nake tunawa. Shekara kusan arba'in ke nan. Aikin awa ɗaya.

Ban ce dole ki zama injiniya don ubanki bai zama ba. In kin zauna hankalinki a kwance, cikinki a ƙoshe, kika ga ɗinki ranki ke so, ni zan ƙera miki teburin yanka da hannuna. Abin da nake roƙo, kada ki bar minti uku na gasa su yanke wa shekara uku hukunci. Kunya muguwar alƙaliya ce, ba ta sauraron shaida. Kuma ki daina faɗa wa mutane sharaɗin nan naki. Kowane kunne da ya ji shi yana ƙara wa hanyar dawowa tsawo.

Saura ɗaya, wanda na fi daɗewa ina zagayawa. Bara ina cikin zauren ranar gasarku, da rigata ta Kirsimeti. Aka busa usur, injinan mutane suka tashi, naku ya tsaya a kan layi fitilarsa na ƙiftawa. Kika durƙusa kina taɓa wayoyi. Zauren ya yi tsit. Ni tun ina yaro ba na iya zama da irin wannan shirun. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi har layin gaba suka juyo, "Ku yi masa haƙuri, ni kakansa ya biyo, ba ya aiki sai ya ci tuwo." Aka yi dariya sosai, har da alƙalai. Kuma na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Na ji daɗin dariyar nan kamar numfashi uku, kafin ki ɗago ki dube ni.

Tun ranar ba ki sake yi mini zancen inji ba. Da can kina shigowa rumfata ki zauna a kan tsohuwar taya ki yi ta bayanin abubuwan da rabinsu ban gane ba, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Shekara guda ke nan tayar nan babu kowa a kai. Bana ma a bakin mamanki na ji za ku sake shiga. Na daɗe ina gaya wa kaina wai na yi ne don in sauke miki nauyi. Ƙarya nake yi, nawa nauyin na sauke na ɗora miki. Ni da na san abin da dariyar aji ɗaya ta yi mini, ni na jawo miki ta zaure guda. Ki gafarta mini, 'yata. Sau uku na zo ƙofar ɗakinki in faɗa da baki, sau uku na ɓige da tambayar ko an kawo wuta.

Saboda haka bana ba zan zo ba sai kin ce in zo. In kin kira, zan zauna a layin baya in yi shiru, ko da shirun zai kashe ni. In ba ki kira ba kin yi daidai, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Zan dai rufe rumfa ranar in zauna a gida kusa da waya.

In ya tashi, mun gode wa Allah. In kuma ya sake tsayawa a kan layi, ki ɗauke shi da hannu biyu, ki gai da alƙalai, ki zo gida ki yi kukanki. Asabar da Lahadi naki ne. Ran Litinin ki koma aji. In ƙafarki ta yi nauyi, ni zan raka ki har ƙofar sashenku, in tsaya a waje sai na ga kin shiga.

Allah ya tsare ki a titin Samaru da masu babur ɗinsa. Ya ba ku haƙuri da juna ke da abokan aikinki, ya raba ku da ciwo da tsautsayi, ya dawo mana da ke lafiya, da inji ko babu inji. Mamanki na gaishe ki. Amin.

Ni ne babanki,
Ishaya mai walda.